Yadda Muka Rako Kande Daga Garam

Kurmin Sarki

Ana sallame asuba surukina ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ni tela ne, ba abin da ya haɗa ni da bindiga, amma mutumin da ya ba ni 'yarsa ya ce in taso, ya zan yi? Baba, surukin nawa ke nan, yana cikin 'yan bindigar toka na unguwarmu a Suleja, dattawan nan da ke ɗura albarushi ta baki, su danna tsumma, su harba sama a wurin biki. Ba harsashi, ƙara ce kawai da hayaƙi. Bindigarsa har suna gare ta, Kande, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba.

Damuwar ita ce Kande ta ƙi tashi a biki biyu a jere. A dokarsu, bindigar da ta kunyata su sau uku a bainar jama'a ta gama aiki, sai a rataye ta a zauren shugabansu, wanda suke kira Sarki. Ran nan kuwa an gayyace su Garam, auren ɗiyar Mista Yohanna, tsohon malamin makaranta, aminin Baba.

Ana yayyafi. Baba ya miƙo mini lema, na buɗe a kansa cikin ladabi.

"Kai, ni ka ga ina narkewa? Kande za ka rufe!"

Haka na hau bayan a-kori-kura ina yi wa bindiga lema, ruwa na bin ƙeyata.

Gauraka

A Gauraka muka karya da shayi da ƙosai. Gaba kaɗan akwai shingen 'yan sanda. Sarki ya nuna takardu, wani kofur ya leƙa bakin Kande da ido ɗaya, ya ce, "Baba, wannan tana aiki kuwa?" Abokansa suka bushe da dariya. Har muka sauka daga babban titi Baba yana huci.

Garam

Da hantsi aka fito daga coci, dattawan suka jeru a fili kowa na ɗuri. Baba ya ɗaga ƙahon albarushi ke nan sai ga Mista Yohanna. To, ka san gaisuwar tsofaffi. Ina gajiya, ina iyali, ya ƙafar nan, ina wane, ashe wane ya rasu, Allah ya jiƙansa. Baba na amsawa hannunsa na aiki, har ya danna tsumma ya ajiye ƙarfen dannawa.

Amarya ta fito. Sarki ya ɗaga hannu. Dum! Dum! Dum! Mata na guɗa, hayaƙi ya turnuƙe fili. Aka zo kan Baba. Ya ja kunamar bindiga, Kande ta ce ƙyas. Ya sake, ƙyas. Wani zakara ma ya samu sararin yin cara a tsakani.

Sarki ya matso. "Malam, ta cika uku."

"Ba ta cika ba, ranka ya daɗe. Jinkiri take yi. Cikinta a ɗure yake, ko yanzu tana iya tashi."

Wallahi kafin ya rufe baki fili ya watse. Amarya ta tattare doguwar rigarta ta shige bayan tankin ruwa. Sarki ya yanke cewa ba hukunci sai an buɗe cikinta, Baba kuma ya rantse ba mai taɓa Kande sai maƙerinsa na Suleja. Direbanmu ya ce shi yana da 'ya'ya ƙanana, ya kwashi sauran dattawan ya tsere. Aka bar mu mu uku, ni da Baba da Sarki a matsayin shaida. Shinkafar biki ma daga nesa na ji ƙamshinta.

Hanyar dawowa

Duk mai keken adaidaita-sahun da ya tsaya, Baba sai ya fara da gaskiya: "A ɗure take, ɗana." Mutum ya ja kekensa ko sallama babu. Na ce, "Baba, da an ɗan rage bayanin nan." Ya harare ni.

Bayan azahar wani mai tifar yashi ya tausaya mana, bisa sharaɗin mu hau can ƙarshen baya, bakin bindiga na kallon sama. Tsofaffi biyu da babbar riga a kan tulin yashi, ni a tsakiya da lema. Duk ramin da muka faɗa sai na yi kalmar shahada.

A shingen ɗazu kofur ɗin nan ya taso yana murmushi. Baba ya leƙo ya ce, "Ɗan samari, zo ka sake leƙawa, yanzu a ɗure take." Sai ga kofur bayan buhunan yashi, hannunsa kaɗai ake gani. "Oga direba, wuce! Wuce abeg!"

Gauraka kuma

Yunwa ta ci ƙarfinmu, muka roƙi direba ya tsaya wurin wata mai abinci, Maman Chidi. Tana jin labari ta ce kada wanda ya sauko. Ta zuba shinkafa da wake a leda, ta ɗaura a bakin gorar tsinko mangwaro ta miƙo mana. Makanikai suka fito daga ƙarƙashin motoci suna ɗaukarmu a waya daga tsallaken titi. Baba ya gyara hula. Ina jin tun da yake da Kande ba a taɓa girmama ta haka ba, kuma na ga yana jin daɗin abin.

Maƙera, Suleja

La'asar sakaliya muka isa. Maƙerin ya kori kowa, ya ɗaure Kande a jikin turke bakinta na kallon kango, ya zura wata murɗaɗɗiyar waya a hankali. Ni ina bayan wani turmi. Ya jawo tsumma. Ya kwance ta, ya kifa ta, ya bubbuga. Ko ƙwayar albarushi ɗaya ba ta faɗo ba.

Ashe wajen gaisuwar nan Baba bai zuba komai ba. Tsumma muka rako tun daga Garam, tsumma aka guje wa, tsumma na yi wa lema! Dariya ta taso mini, amma da na dubi fuskar Baba sai ta koma.

Sarki ya yi ƙasa da murya. "Malam, ka san ɗaya dokar. Wanda ya yi kuskuren ɗuri a taro ya bar layi ke nan. Amma daga mu sai maƙeri. Mu ce ita ce ta gaza, a rataye ta, in ara maka tawa."

Baba ya daɗe yana shafa ƙotar bindigar.

"A yi mata ƙazafi ina tsaye? A'a, ranka ya daɗe. Ni ne na tsufa, ba ita ba. A ba wani mai sauran hankali ya riƙe ta, ta ci gaba da fita."

Ya roƙi alfarma ɗaya. Ya ɗura ta da hannunsa, wannan karon ba wanda ya yi masa ko tari. Ya ɗaga sama ya ja. Jama'a, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba! Kwanon rumfar maƙera ya yi ta karkarwa, awakin unguwa suka tsinke igiya. Baba na tsaye cikin hayaƙi yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Kun ji ta? Lafiyarta ƙalau."

Ya miƙa wa Sarki ita da hannu biyu. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Kafin magariba muka shiga gida, muna gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu ba ko ƙwarzane. Godiya ga mai tifa da Maman Chidi, Allah ya saka musu da alheri. A bakin ƙofa surukata ta dubi hannun Baba ta ce, "Malam, ina Kande?"

Ya ce, "Tana wurin aiki."