Motar Hutun Malama Kamfas

Malama Kamfas ba ta iya yabo ba, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Idan yaro ya cinye lissafi duka, sai ta miƙa masa takardarsa ta ce, "To, ba ka ɓata min biro ba." Iyakarta ke nan. Iyaye sun sha kai ƙara, ita kuwa ta ce ba a ɗauke ta aikin tafa wa 'ya'yan mutane ba. Sunan ma yara ne suka laƙaba mata, saboda ƙaton kamfas na katako da take yawo da shi a hammata, wanda ake zana da'ira da shi a allo. Ta san da sunan. Har amsawa take yi.

Ta shiga koyarwa tana budurwa, ta yi aure a ciki, ta haihu a ciki, ta aurar a ciki. Maigidanta tela ne, mutum mai raha, shi ya ɗauke wa gidan nauyin dariya. Ita abin tinƙahonta guda ne: tun da ta fara riƙe alli, ba wanda ya taɓa gyara mata rubutu a allo. Da wannan sunan take son ta ajiye aiki, ga shi kuma shekarar ajiyewar ta zo, gwiwoyi sun riga ta yin ritaya.

Duk ƙarshen shekara, kafin dogon hutu, tana ba 'yan aji huɗu aikin zane. Amma ba zanen ganin dama ba. A takardar giraf ake yi, mai ƙananan gidaje ɗin nan, kuma duk layin da yaro ya ja, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe, sai ya rubuta lissafin da ya haife shi a bayan takarda. Kowane yaro da takardarsa ɗaya da yankin hoton da aka ba shi. Ranar rufe makaranta a haɗa takardun a bangon babban zaure, hoto guda ya fito, iyaye su gani. Makin aikin kuma yana shiga sakamakon da ake wucewa aji na gaba da shi.

A wannan karon motar bas ta zaɓa, cike da ɗalibai masu tafiya hutu. Aji huɗu kashi biyu ne, sai ta ba 'yan A gaban mota, 'yan B baya. Da yake na bankwana ne, ta ƙudura a ninka girmansa. A da, gida ɗaya na takarda shi ke tsayawa a matsayin ɗaya. Bana gida biyu.

Yara suka sha wuya. Taya kaɗai sai da ta sa wata yarinya kuka, don da'irarta ta ƙi rufuwa. Malama ta tsaya a kanta ta ce, "Hawaye ba ya cikin lissafin. Duba alamar ragewarki."

A gida, maigidan ya tarar da ita ta miƙe ƙafafu a kan kujera, takardu zube a cinya.

"Uwargida, motar nan kuwa za ta tashi?"

"Za ta riga ɗinkin da ka yi wa mutane alkawari."

"Ni dai a ajiye min kujerar gaba."

"Kai da ko kuɗin mota sai an yi ciniki."

Ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, na A daban, na B daban. Kowane layi ya yi daidai da lissafinsa. Ta gaji, idonta na yaji, ba ta jera su a ƙasa ta gani ba. Ba ta taɓa buƙatar yin hakan ba.

Ana gobe rufe makaranta, sabon malamin lissafi, matashin da zai gaje ta, ya hau tebur yana manna takardu a bango, ita tana miƙa masa. Gaban mota ya fito ƙato, fitila kamar faranti. Da aka zo baya, sai hannunsa ya tsaya. Bayan motar rabin girman gaban kawai ya kai. Tayar gaba ta kai ƙugun mutum, ta baya kamar ta keken yara. Rufin ya taho ya yanke a iska, wani ɗan rufi ya ci gaba daga can ƙasa.

"Malama," ya ce a hankali, "ko na juya takardun ne?"

"Ba ka juya komai ba. Sauko."

Firinsifal ta shigo da tarin makullanta, ta kalli bango, ta dafe ƙirji.

"Wannan kuma fa? Bas ce ta haifi 'ya? 'Yan B ne ko? Na sani. Ajin nan kunnensu na ado ne. A zaftare musu maki, wanda ya faɗi ya maimaita, sa yi hankali."

Malama ta sake duban bangon. Ta jawo benci ta zauna, ta ɗora kamfas a gwiwa. Allon ajin B an goge shi tun tuni, ba wanda zai ce ga abin da aka rubuta. In ta yi shiru, magana ta mutu. Amma ta daɗe a aikin nan, ta san yara ba sa haɗuwa a kan kuskure ɗaya. Kowa da irin nasa shirmen. Idan aji guda ya kauce hanya ɗaya, kai ɗaya, to daga allo aka kora su. Sai ta tuna ranar da ta rubuta wa 'yan B ma'aunin: darasin ƙarshe ne, rana ta take, gwiwa na zugi. Kanta ya san gida biyu, hannunta ya rubuta gida ɗaya, abin da ya saba rubutawa shekara da shekaru.

"Ranki ya daɗe," ta ce, "ba yaran ba ne. Ni ce."

"Ke? Haba Malama!"

"Ni. Ma'auni biyu na bayar. Kowane aji ya bi abin da na rubuta masa, ba wanda ya kauce ko da gida ɗaya."

Matashin ya sosa ƙeya. "Malama, ai da kwamfuta zan iya ƙara girman na bayan, kafin safe an buga. Ba wanda zai sani."

"Ɗana, in ka ƙara girman, lissafin da ke bayan takarda ya zama ƙarya. Yarinyar da ta yi kuka a kan taya, tayar wa za ta nuna wa uwarta?"

Firinsifal ta ce to a sauke duka, a ce bana ba a samu yi ba. A cewarta, mutuncin Malama take karewa, kada mace mai shekaru irin nata a tafi da ita a baki ranar sallama.

Malama ta dafa benci ta miƙe da ƙyar.

"Ku ba yaran makinsu cikakke, su duka. Motar kuma ku bar ta a bango yadda take. A ƙasa ku rubuta cewa layukan na ɗalibai ne, ma'aunin na malamarsu. Gobe idan iyaye suka fara dariya, kada ku bari su nufi yaran. Ku ajiye min kujera a nan gindin tayar baya, ku turo min su."