Tabarmar Mai Wanki a Ƙarƙashin Taga

Mai Wanki ba ta gaisawa da kowa sai ta wanke hannu. Tun kafin a san da wata annoba haka take. In ta dawo daga asibiti, inda take wanke zannuwan gadon marasa lafiya, sai ta wuce mu kai tsaye zuwa famfon tsakar gida, ta naɗe hannun riga, ta cuɗa sabulu har gwiwar hannu, sannan ta juyo ta ce, "Sannunku da gida." Matan gidan hayarmu suna cewa girman kai ne. Ni da ƙofata ke kallon tata, na bar su da faɗarsu.

Mijinta direba ne. Ya rasu ya bar mata yara uku da ɗaki ɗaya mai taga ɗaya. Babbar ta fara tasawa, ƙannenta suna ce mata Yaya. Mai bi mata namiji ne, muna kiransa Lauya, don ba a faɗa masa magana ya bar ta ta wuce. Sai Auta, wadda ba ta isa shiga makaranta ba.

Da aka rufe gari saboda cutar, kowa ya dawo gida ya zauna. Mazan da ba su taɓa ganin 'ya'yansu da tsakar rana ba suka gano ashe yara suna da baki. Mutum ɗaya ce ke fita kullum da takardar izini, ita ce Mai Wanki. Marasa lafiya sun ƙaru, zannuwa ma sun ƙaru.

Da farko bokitai ne suka fara matsawa daga kusa da nata. Sai aka daina shanya a igiyarta. Daga nan mai gidan haya ya tsaya daga nesa, ya rufe hanci da gefen riga, ya ce shi dai shawara yake bayarwa, ko za ta nemi wani wuri na ɗan lokaci.

"Na biya ɗaki, ban biya shawara ba," in ji ta.

Ba a jima ba wani mai son alheri a cikinmu ya buga wa wan mijinta waya. Ban ga wanda ya buga ba, amma gidan ba shi da girma. Wan mijin, wanda yaran ke kira Baffa, yana da shagon kayan gini a can ƙarshen gari, kuma tun ranar da aka binne ƙaninsa yake cewa yaro namiji ba ya tashi a hannun mace. Ya kira ta ya ce ba za a zuba ido ta kwaso wa marayu cuta ba. Ko ta bar aikin, ko ya zo ya ɗauki Lauya, 'yan matan kuma a kai su wurin gwaggonsu, har a ga abin da hali zai yi.

"In na bar aikin, iska za su ci?" ta ce. "Kuma yaron da aka ɗauka don kwana biyu, da gemu yake dawowa. Na sani, Baffa."

Da ta kashe wayar ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta fito da tabarma da matashin kai da bokiti da kwano ɗaya, ta shimfiɗa a baranda ƙarƙashin tagarta. Ta ce wa yaran daga yau ɗaki nasu ne, baranda nata. Ba za ta shiga ba, ba za su fito ba. In cutar ce abin tsoro, to ga ta nan a waje, sai a nemi wata hujjar.

Ta taga ta ci gaba da riƙon gidanta. Da safe kafin ta fita, tana tsaye tana ba da umarni.

"Yaya, rage wutar nan, ina jin ƙauri. Ke ba ki da hanci ne?"

"Umma, ban taɓa dafa shinkafa ni kaɗai ba."

"Ni ma ba da ludayi aka haife ni ba. Ƙara ruwa."

Da yamma Lauya ya ɗago littafinsa ya manna a ragar taga, ita kuma ta duba. Karatunta bai yi nisa ba, amma ta san shafin da aka yi aiki da wanda aka zana mota. Wata rana ya tsokani Auta har ta yi kuka, uwar ta ɗaga takalmi.

"Umma, hukuma ta ce a ba da tazara," in ji shi, yana ja da baya.

"Ba komai, ɗan nan. Ina tara maka. Ranar da aka buɗe gari, kai za a fara buɗewa."

Har matar makanike, wadda ta fi kowa janye bokiti, sai da ta yi dariya a bayan labule.

Auta ce ba ta gane ba. Kullum sai ta zura 'yan yatsunta ta ramin raga ta ce a taɓa. Uwar ta ce a'a. Rannan ta faki ido ta buɗe ƙofa ta rugo da hannu a ware, sai Mai Wanki ta daka mata wata tsawa da ban taɓa jin irinta a gidan nan ba. Yarinyar ta tsaya cak, ta koma ciki tana cewa Umma ta daina sonta. Mai Wanki ta zauna a tabarma ta juya fuskarta ga bango. Ta daɗe tana gyara matashin kai wanda ba abin da ya same shi.

Baffa bai haƙura ba. Ya samo izinin fita, ya zo da mota wata la'asar, ya sa takunkumin fuska biyu da safar hannu. Ya yi lissafin zai tarar tana wurin aiki, sai suka shigo gidan kusan tare. Ranar ce kaɗai na ga ta wuce famfo ba ta tsaya ba. Da rigar aikinta, da jakarta, ta je ta zauna a dokin ƙofar ɗakin ta miƙe ƙafafu.

"Sannu da zuwa, Baffa."

"Matsa. Na zo ɗaukar 'ya'yan ƙanina."

"Bismillah, ga ƙofa. Sai dai yanzu na fito daga ɗakin da babu mai shiga sai mu. Ban yi wanka ba, ban sauya kaya ba. Tsallake ni ka ɗauke su."

Ya tsaya. Ya ce wannan rashin kunya ne. Ta ce ta yarda. Ya ce jininsa ne. Ta ce ai shi ya sa ba ta hana shi ba, hanya ce dai ƙarama. Ya waiga ko wani cikinmu zai sa baki. Mai gidan haya yana duba wayarsa, ni kuma kunnena ya yi nauyi a shekarun nan.

Sai ya ɗaga murya ya kira Lauya, ya ce ya fito, akwai keke a gidansa.

Yaron ya leƙo ta taga. "Baffa, ina wuni. An hana yara fita. Doka ce."

Baffa ya yi taku ɗaya gaba. Mai Wanki ta yi gyaran murya, kaɗan kawai. Ya yi taku biyu baya. Ya ce duk abin da ya faru da yaran nan, alhaki a wuyanta.

"Dama can a nan yake," ta ce.

Bai sake dawowa ba. Ita kuma ta ci gaba da kwana a baranda, ruwa ya dake ta a can, sauro ya ci rabonsa. Ba ta roƙi kowa komai ba, ba ta kuma gode wa wanda bai yi mata komai ba.

Da cutar ta lafa, aka ba ta hutu, aka yi mata gwaji, aka ce ba ta ɗauke da komai. Da hantsi ta naɗe tabarmar ta tura ƙofar ɗakinta. Yaran uku suna nan cif. Auta ta ɓuya a bayan Yaya, sai da uwar ta zauna a ƙasa ta jira kafin ta matso. Gashin yarinyar ya dunƙule, tun kitson da aka yi mata kafin a rufe gari. Mai Wanki ta ce a miƙo mata mataji da mai, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta fara tsifa tana faɗa, wai wace irin yaya ce za ta bar kan ƙanwarta haka.

Can sai na daina jin faɗan. Yaya ta fito ɗibar ruwa ta bar ƙofa a buɗe. Mai Wanki ta jingina da gado, barci ya kwashe ta, matajin na hannunta. Rabin kan Auta a tsefe, rabi a kitse, yarinyar kuma ta ƙi motsi don kada ta tashe ta.