Tafin Hannun Surukina a Tsakiyar Tebur

Ni mai gyaran rediyo ne a Gidan Rumji, kuma ba na son hargitsi. Na daɗe ina fama da tsohon teburina, ƙananan kusoshi suna faɗawa cikin tsagarsa su ɓace. Sai na ƙudura yin sabo da hannuna, mai fuska sumul kamar madubi.

Na rubuta matakan aikin a bayan kwali. Na ɗaya, yanka katako. Na biyu, kafa ƙafafu. Na uku, yi wa saman baki don kada kome ya tsiyaye. Na huɗu, daidaita tebur da tasar ruwa. Na biyar, zuba rezin, wani ruwan roba mai kauri, garai-garai, da wani direba ya kawo mini daga Maradi. Galan guda ne, daidai tebur guda, babu na gyaran kuskure. Na shida, kada kowa ya taɓa sai bayan kwana biyu.

Da hantsi na zuba shi a zaure. Na ɗaure akuya, na kulle kaji, na tara mutanen gida na karanta musu mataki na shida har sau biyu. Abu ɗaya na manta: ranar kasuwa ce.

Bayan azahar, rezin ya fara danƙo kamar alewa, sai ga sallamar surukina daga Cadakori, ya zo cin kasuwa. Na durƙusa, na sunkuyar da kai yadda ya kamata. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa katse masa magana ba, balle in ce masa "kada".

"Barka da zuwa, Baba. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ina iyali?"

Ta gefen ido na ga yana neman abin dafawa, don gwiwa na damunsa. Na buɗe baki da niyyar gargaɗi. Abin da ya fito shi ne, "Ina mutanen Cadakori?"

"Lafiya lau," in ji shi, ya kifa hannun dama a tsakiyar tebur, ya sakar masa nauyinsa duka.

Muka gaisa a kan gero. Muka gaisa a kan shanu. Muka gaisa a kan gwiwar ita kanta. Da ya zo ɗaga hannu, sai da tebur ya ɗan biyo shi. Ya daɗe yana duban tafinsa.

"Malam, abin nan naka bai bushe ba. Ya kamata ka riƙa gaya wa mutane."

"Gaskiya ne, Baba."

Mai ɗakina ta kawo man gyaɗa tana goge masa hannu, kafaɗunta na rawa. Wai tari ne.

Rezin ya daskare da yatsu biyar a ciki, har da shatin zobe. Kwana uku ban kalli teburin ba. A na huɗu na ɗauko kwali na ƙara mataki na bakwai: manyan kusoshi a ramin babban yatsa, masu bi musu a na gaba, har zuwa ƙaramin yatsa. Tun daga ranar ko ɗaya ba ta ɓace mini ba.

Har yau in aka ce tsohon yana hanya, sai mai ɗakina ta leƙo zaure.

"Malam, ko a zuba wani? Saura hannun hagu."