Kaset Ya Sauke Murya

Tun yana saurayi ake kiransa Kaset. In ya ɗauko waƙar wani tsohon mawaƙi da ya daɗe da rasuwa, ka rufe ido sai ka rantse marigayin ne ya dawo. Har ɗan tarin da mawaƙin ya yi a tsakiyar baiti na biyu, wanda masu ɗaukar sauti ba su goge ba, Kaset sai ya yi shi a daidai wurin.

Guga ce sana'arsa. Yana da ɗan shago a ƙasan wani bene: tebur mai bargo a kai, dutsen guga biyu, da igiyar rataye riguna. Asabar da Lahadi da rana kuma yana waƙa a wani gidan cin abinci, shi da wani mai fiyano, a kusurwa kusa da firji. Ana ci ana hira, ba mai kallonsu. Sai dai wani ya ɗaga cokali ya ce, "Kaset, a sako mana ta tashar mota." Waƙa ce mai zafin kiɗa, da an fara ta ƙafafu sun soma motsi a ƙarƙashin tebur.

Matarsa ta rasu, 'yarsu ɗaya tilo tana aure a gari mai nisa. Har yanzu in ya ɗora tukunya hannunsa na mutum biyu yake aunawa. Ya ci rabi a tsaye, ya rufe sauran.

Wata shekara maƙogwaro ya matsa masa, aka yi masa aiki a asibiti. Ya yi watanni yana magana da masu kawo guga da hannu. Da muryar ta dawo, sai ta dawo ƙasa-ƙasa, da kaushi. Ya gwada waƙar tashar mota a shago, yana zuwa inda ake ɗaga murya ta karye. Ya waiga, ba kowa, ya ci gaba da guga.

Rannan mai fiyano ya leƙo, ya zauna a kan kwandon kaya.

"Yaya, mai gidan abinci yana cigiyarka."

"Ka ce masa zaren kaset ya tsinke."

"Sai mu liƙa. Zan sauko da kiɗan ƙasa, in rage gudu. Inda numfashi ya ƙare maka ka tsaya, zan jira ka."

"Ai ba haka marigayi ya yi ta ba."

"Marigayi ba a yanka masa wuya ba."

Kaset ya yi dariya har ya dafe tebur. Ranar Asabar ya goge rigarsa ya tafi.

Ya fara a hankali, kamar mai ba da labari. Da babu gudun kiɗa, sai kalmomin suka fito fili: mutum ne tsaye a tasha yana roƙon direba ya ɗan dakata, akwai mai zuwa, direba yana ta danna hon, kuma ba wanda ya zo. Inda marigayi yake ɗaga murya, Kaset ya yi shiru ya ja numfashi, fiyano ya jira shi. Tarin nan ma bai yi ba.

Ƙarar cokula ta ragu. Wata mata ta taɓa hannun mijinta ta ce, "Ashe abin da waƙar nan take faɗa ke nan? Mu da muka yi ta taka rawarta." Wani dattijo kuwa ya ture farantinsa ya ce an lalata waƙa, ya fita. Mai gidan abincin ya zo ya ce daga yau haka yake son a riƙa yin ta.

A bakin titi, suna jiran mota, Kaset ya ce, "Da, in ina yin ta, marigayi nake tunawa, ko na yi daidai ko na kuskure. Yau ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba."

"To wa ya zo?"

"Uwar yarinyar nan."

Motar mai fiyano ce ta riga zuwa, ya shiga.

Ashe wani ya ɗauka a waya, har ta kai ga 'yarsa. Ta kira shi ranar Litinin yana tsakiyar guga.

"Baba, na gan ka. Ka rame."

"Hoto ne. Waƙar fa?"

"Ban iya ƙarasa ta ba."

Ya so ya tambaye ta dalili, sai ya ji jikarsa ta fasa kuka, 'yar tasa ta ce za ta sake kira. Ya ajiye wayar kusa da shi ya ƙara mata sauti don kada kiran ya wuce shi.

Har yanzu yana waƙa a can. Mutane sun ɗan ƙaru, wasu kan juyo da kujerunsu. In an tashi yakan tsaya su gaisa da masu wanke-wanke, ya tambayi 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, har sai an fara kife kujeru a kan tebura, sannan ya kama hanya.