Ranar da Na Yi wa Kare Turaren Wuta

Shekarun baya, lokacin da nake zama a Guangzhou ina haɗa wa 'yan kasuwarmu na Kano kaya, na kama ɗaki a wani tsohon gidan bene da ke lungunan Sanyuanli. Mai gidan dattijo ne ɗan China, matarsa ta rasu ta bar masa wani baƙin kare. Ni kuwa kun san halina, ko inuwar kare na hango sai na tattare riga. Abin da ya sa zaman ya yi mini daɗi shi ne ba na haɗuwa da karen. Na ɗauka shi ma ba ya ƙaunata ne, na ce shi ke nan, an yi canjaras.

Wata rana da hantsi na dawo daga kasuwar Canaan, tun daga ƙasan bene wani wari ya tare ni, irin wanda ke sa ido ruwa. Na iske dattijon zaune a matakala, hannunsa na dama a naɗe da bandeji saboda faɗuwar da ya yi a banɗaki, karen kuma yana birgima yana goga fuska a ƙasa. Ya rubuta a wayarsa, ta fassara mini: wata dabba mai dogon jiki da ke farautar ɓeraye a lungun ce ta fesa wa karen. Na ce to, bodarin China ke nan.

Ya sake rubutu. 'Yarsa tana hanya, da yamma za ta iso. Tun da ya faɗi take cewa ba zai iya zaman kaɗaici ba, za ta ɗauke shi zuwa gidanta, karen kuma a bayar. In ta tarar da wannan warin, magana ta ƙare. Bai roƙe ni komai ba. Ya dai ɗaga hannun mai bandeji ya ce, "Meyo," wato babu.

Na shiga ɗaki ina tunanin yadda zan taimaka ba tare da na taɓa kare ba. Sai dabarar Bakano ta zo mini. Na ɗauko kasko, na hura gawayi, na barbaɗa turaren wutar da mahaifiyata ta haɗo mini, na tsaya daga nesa ina fifita wa kare hayaƙi da kwali sai ka ce amarya. Na bi shi da feshin turarena na Juma'a. Jama'a, kada Allah ya sa ku shaƙi abin da ya fito. Warin yana nan daram, ƙamshin ya hau kansa ya zauna. Kare ya hau atishawa, dattijo ya hau tari, amma saboda kara yana ta ce mini "shiye-shiye", godiyarsu ke nan.

Na kira wani abokina ɗan Maraɗi da ya tashi a karkara. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Kai Bakano, mi ka aikata haka? Warin bodari maiƙo ne, ba ya jin turare. Sai an cuɗe shi da hannu."

Na ce, "Hannun wa?"

Ya ce, "Naka mana! In ka gama ka wanke ka yi alwalarka. Ruwa ya ƙare ne a Guangzhou?"

Ya ce in sayo ruwan wanke ciwon nan mai kumfa a kemis, in haɗa shi da hodar soda ta girki da sabulun wanke-wanke a buɗaɗɗen bokiti. Kada in jiƙa karen tukuna, in kuma kiyaye idonsa.

Na naɗe wando na shiga banɗakin dattijon da bismillah. Da na ɗora hannu a bayan karen, na ji jikinsa na karkarwa fiye da nawa. Ina cuɗawa yana kawar da kai, ko sau ɗaya bai yi ƙoƙarin lasa ta ba. Na ɗauraye, na sake haɗawa, na sake cuɗawa, har warin ya fara saki. Dattijon yana bakin ƙofa yana kallo. Can ya miƙo mini wayar. Wai tun makon da na tare ya lura ina salla kuma ina gudun karen, sai ya koya masa duk lokacin da ya ji takuna a matakala ya shige ciki. Ƙarshen rubutun ya ce, "Ya san tafiyarka."

Na juya na dubi karen. Duk tsawon zaman nan ashe hanya ake ba ni, ni ban sani ba.

Da yamma 'yar ta iso. Ta tarar da karen tsaf, sai dai ruwan kemis ɗin ya ɗan mayar da gashinsa ja kamar an sa masa lalle, gidan kuma yana ƙamshin ɗakin mahaifiyata. Ta tambaya wa ya wanke karen, uban ya nuna ni. Ta daɗe tana duban jiƙaƙƙen wandona, sannan ta tambaye ni da Turanci ko kullum a nan nake kwana. Na ce in dai ina ƙasar. Ta karɓi lambata. Da safe ta koma ita kaɗai.

Har yau ban ajiye kare ba, ba kuma zan ajiye ba. Amma tun ranar, in na ga zama da wani yana tafiya lami lafiya, nakan tambayi kaina wa yake matsa mini a ɓoye. Dattijon ya rasu daga baya, a gidansa, kamar yadda ya so. Idan na tuna shi, ba wankan nake fara tunawa ba, washegarinsa ne. Ina hawa bene na ji ƙarar faratan karen yana sauri zai shige ciki, yadda aka koya masa. Na tsaya a tsakiyar matakala, na kira shi ya dawo.