Jan Biro a Gurbin Laburare

Har gobe ba zan manta da ranar da aka miƙo mini jan biro a ofishin malamai ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna ta tambayata ko ya dace mai kula da laburare ya riƙa ba yara maki a katin sakamako. To ku ji yadda tawa ta kasance.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da laburaren wata firamare a nan Keffi. Ɗaki ne guda a ƙarshen jerin azuzuwa, bayan sito, da kanta huɗu da benci uku. A takarda ni malama ce, amma ba ni da aji, ba ni da darasi a jadawali. In an kira mitin sai an watse ake tunawa da ni. Makon ƙarshen zango ya fi yi mini ciwo. Malamai su taru a ofis suna cika katunan sakamako, ana cin gyaɗa ana shewa, ni kuwa ina can ina jera littattafan da na riga na jera jiya, ina jiyo dariyarsu ta taga. Sai in wuni ban yi magana da babba ko ɗaya ba. Kaɗaici ne, ba sai na canza masa suna ba.

Mutum ɗaya ce ke zuwa mini kullum, wata 'yar aji biyar mai suna Adama, 'yar Fulani daga wata ruga a bayan Jigwada. Mahaifiyarta na kawo nono kasuwa, to in an tashi daga makaranta sai yarinyar ta zauna wurina wajen awa biyu, har uwar ta gama ciniki ta biyo mata. Ba ta da surutu. Ta ɗauki littafi ta kifa kai, can ta ɗago ta ce, “Anti, mene ne wannan kalmar?” Kusan duk abin da ke kan kantocin nan ta karanta, amma ba ta taɓa aron littafi ta tafi da shi gida ba. Da na tambaye ta sai ta ce, “Anti, bukkarmu tana yoyo, kuma maruƙa suna cin takarda. In ya lalace Baffa zai ji kunya.” Baffa take kiran mahaifinta.

A farkon zango na biyu sabon hedimasta ya kira ni. Ya ce, “Madam Rifkatu, yaran nan ba su ɗauki laburare a bakin komai ba. Zan buɗe miki gurbi a kati, ki riƙa ba da maki kamar kowa. Amma fa da hujja, don iyaye za su tambaya.” Na ce, “To, Yallaɓai,” ina ta washe baki kamar wadda aka ƙara wa girma. Muka tsaya a kan littafin aro, wato rajistar da nake rubuta sunan duk wanda ya ari littafi. Kowane littafi da yaro ya ara ya dawo da shi maki goma ne. Ƙasa da arba'in faɗuwa ce, kuma a ƙa'idar makaranta faɗuwa da jan biro ake rubuta ta.

Nan da nan ɗakina ya cika. Yaro ya ara Litinin ya dawo da shi Talata, shafukan ma a manne. Ina gani na ƙyale su, don hayaniyar ta yi mini daɗi. Sau ɗaya na ce wa Adama ta ari ko da guda huɗu ne. Ta girgiza kai, ni kuma na ce a raina zan san yadda zan yi, na manta.

Ranar cika kati aka ajiye mini kujera a ofis, mataimakiyar hedimasta ta miƙo mini biro biyu, shuɗi da ja. Ina cikin rubutu na iso kan Adama. Babu sunanta a rajista ko sau ɗaya. Na ce wa malamin ajinsu, “Malam Ishaku, yarinyar nan fa ta fi kowa karatu.” Ya ce, “To ina yake a rubuce? Madam, in kika fara ba da maki da ka, gobe za a ce son kai kike yi.” Kowa ya ɗago yana kallona. Ranata ta farko ke nan a teburin, ba na son a ce ban san aiki ba. Na ɗauki jan biro na rubuta sifili, na ci gaba da cin gyaɗa tare da su.

Aka dawo hutu, Adama ba ta zo ba. Mako guda, mako biyu. In mun haɗa ido a asambili sai ta sunkuyar da kai. Rannan na kasa haƙuri, na tafi kasuwa layin masu nono na sami uwar. Bayan mun gaisa ta ce, “Malama, baffanta bai iya boko ba, amma ya san ja. Duk katin shuɗi, ja ɗaya. Ya kai aka karanta masa, aka ce wurin karatun littafi ne. Ya ce ashe duk zaman da take yi wurinki ba karatu take ba. Yanzu in an tashi nan take zuwa ta wanke mini ƙwarya.” Na yi ta bayani, na ce laifina ne, ta taimaka ta faɗa masa. Ta dube ni ta ce, “Ke kika rubuta, ko ba ke ba?” Na ce ni ce. Ta ce, “To shi takarda ya gani.”

Washegari na roƙi hedimasta a gyara. Ya ce an buga hatimi, an shigar da makin a babbar takardar makaranta, sai dai in jira kati na gaba. Na rubuta wa uban wasiƙa na ba uwar, ban ji amsa ba. A zangon nan na uku na ce a cire mini gurbin, ba zan ƙara ba kowa maki ba. Hedimasta ya ce na yi wa kaina. Cikin mako guda masu aro suka ɗauke ƙafa, aka daina ajiye mini kujera a ofis. Adama ta gama aji shida ta tafi, ba ta sake taka ɗakin ba. In mun gamu a bakin get takan ce, “Anti, ina kwana,” ta wuce.

Saboda haka amsata gare ku ita ce a'a. Laburare ne kaɗai ɗakin da yaro ke shiga don ransa ya so, ba don za a auna shi ba. Abin da za ku iya ƙirgawa a can ba shi ne karatu ba, kuma iyayen da ba su iya boko ba sun fi kowa gaskata takarda. In an yi muku tayin gurbin, ku tambayi kanku ko don yara kuke so ko don a san da ku. Ni na san wadda ta fi kowa karatu a makarantar, kuma da hannuna na rubuta wa ubanta cewa ta faɗi.