Ma'allim Bihi da Awon Masu Rai

Taƙaitaccen bayani: a ƙarshen watan jiya, Ibrahim ɗan Lahsan, wanda aka fi sani da Ma'allim Bihi, kafinta a layin masu katako na garin Inzigan, ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa makullin shago bayan shekara hamsin da ɗoriya, saboda rawar hannu. Ba a yi taro ba, ko kaza ba a yanka ba. Aikinsa iri biyu ne: akwatin da ake ɗaukar mata a ciki zuwa maƙabarta, da gadon kwana a cikin mota. A kan na farko ba a taɓa kawo ƙorafi ba, bisa dalilin da kowa ya sani. A kan na biyu an kawo sau ɗaya, daga bakin Lalla Ijja, kuma batunta za a yi a nan.

Mai wannan rubutu ya ƙare ƙuruciyarsa a ofishin gunduma yana buga hatimi a takardar izinin ɗaukar gawa daga gari zuwa gari. Da na yi ritaya sai na tare a bencin ƙofar shagon Bihi, don shi kaɗai ne bai taɓa sauya hanya ba idan ya hango ni.

Daga sallar asuba yake wucewa shago. Ya share garin katako, ya dafa shayi, ya tsoma burodi a man zaitun, sannan ya wasa kayan aiki. Bayan shagon, inda aka saki labule, nan ake aikin da ba a ambatarsa. Gaban shagon kuwa na motoci ne. Tsofaffin Turawa masu gudun sanyin ƙasarsu su suka fara kawo masa, suna so a kafa musu gado su kwana a bakin teku. Daga baya masu kiwon zuma da 'yan cin kasuwar mako suka ga ashe su ma suna da baya. A ƙarƙashin gadon kaya, a samansa mutum.

Doka ɗaya ya ɗora wa kansa: ba ya shiga gidan da ake jinya. Daga bakin ƙofa yake gaisuwa ya juya. Idan ya haɗu da tsohuwa a hanya, ƙasa yake kallo, don an daɗe ana cewa idonsa awo yake yi.

Mubarak mai kanti ya zo masa da farar motar da yake ɗauko buhunan gari da sukari. Likitoci sun sallami uwarsa, Lalla Ijja, da irin sallamar da ba a komawa. Ita dai an ce mata za a kai ta ƙauye ta sha iskar dutse. Ƙauyen yana can bayan Tafrawut, inda aka binne mijinta, kuma ta sha faɗa cewa ba za ta kwanta a tsakanin baƙi ba. Ƙugunta a karye yake, ƙafa ɗaya ba ta lanƙwasuwa, don haka ba maganar zama a tasi. Motar asibiti kuwa, da ta gan ta za ta gane. Mubarak ya san abin da na fi kowa sani: mai rai yakan hau hanya ba tare da takarda ba, marar rai kuwa sai ya jira irina. Yana so uwarsa ta isa gida da ranta.

"Dadda Bihi," in ji Mubarak, yadda ake kiran manya a nan, "ka miƙe gadon a tsawon motar, mu zura ta ta ƙofar baya, shi ke nan."

"Wa ka taɓa gani an zura a kwance ta ƙofar baya?"

Mubarak ya gane gawa ake nufi. Bihi ya ci gaba.

"A gicciye zan yi shi, bayan kujerar direba, daidai taga. Ta ƙofar gefe za ta shiga kamar kowa. Sai dai faɗin motarka ba ya ƙaruwa. Tsawonta nake so."

"Ai gajeriya ce, iya kafaɗata."

"Kowace uwa gajeriya ce a tsaye. In ta kwanta sai ka sha mamaki."

Mubarak ya sosa ƙeya, ya rage murya. Ya ce a ƙauyen babu katako, ko za a yi gadon yadda za a iya kwance shi, ko da buƙata za ta taso. Ba rowa ce kaɗai ta sa shi ba. Mutum ne da tsoro ya sa yake shirya wa komai.

"Ba na kwantar da mai rai a kan katakon da ke jiransa," in ji Bihi. Ya miƙa masa tef ɗin awo. "Jeka ka auno ta."

Washegari Mubarak ya dawo riƙe da kara, fuskarsa kamar toka. Ya ji tsoron ƙarar tef ɗin ƙarfe za ta tashe ta daga barcin rana, sai ya fita bayan gida ya yanko kara a jikin shinge, yadda ya ga an yi ranar da ubansa ya rasu, lokacin da za a kai wa masu haƙa awo. Bai yi tunani ba, hannunsa ne ya yi abin da ya taɓa gani. Yana sunkuye ya shimfiɗa karan daga kanta zuwa diddige, ta buɗe ido.

Ta juya fuska bango. Tun daga lokacin ba ta ci ba, ba ta sha magani ba, ruwa ma sai an jiƙa mata leɓe.

"Ko wata guda likita bai ba ta ba, Dadda Bihi. A haka kuwa ko Juma'a ba za ta kai ba."

Bihi ya daɗe yana kallon karan. Ya san idan ya shiga gidan nan, ganinsa kaɗai yana iya ƙarasa abin da karan ya fara, kuma unguwa za ta ce shi ya kashe ta. Ya kuma san in bai shiga ba, babu wanda za ta yarda da maganarsa a kan kara sai mai aikin kara. Ya cire rigar aiki, ya sa jallabiyarsa ta Juma'a, ya karɓi karan, ya ce in kula da shago. Ban kula ba, na bi su.

Layin gidan Mubarak ƙunci gare shi. Matan da ke bakin ƙofofi suka ga Bihi da kara a hannu, suka ja yaransu ciki. Wata ta fara salati. Bai ɗaga kai ba. A ƙofar ɗakin ya tsaya, ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya sake. Sannan ya cire takalmi ya taka.

"Lalla Ijja, Bihi ne ɗan Fadma."

Bayanta kawai ake gani a ƙarƙashin bargo. Can muryarta ta fito, a bushe.

"Na san takunka. Ka yi sammako, mai akwati. Ko kasuwa ce ta yi sanyi?"

"Ƙara na kawo. Ɗanki ya ɓata mini aiki. Na aike shi awon gado, ya yi mini awon mai sayar da sukari, cif-cif, ko ƙyallin gyara babu."

"Kada ka yi mini wasan yara. Ni na yi wa uwarka lalle ranar aurenta. Mutuwa zan yi?"

Mubarak ya kama ƙyauren ƙofa. Bihi ya durƙusa kusa da katifar.

"Wannan ba ni ake tambaya ba, Lalla. Ni ba a taɓa kira na kafin ba, kullum bayan ake kira na. Abin da na sani shi ne aikina. Wancan awon ba a ƙara masa komai. Naki kuwa sai na bar wurin matashi, na bar wurin miƙa, na bar wurin da za ki shuri mutum in ya ɓata miki rai."

Ya ɗora karan a gwiwa ya karya shi, ya jefar waje. Ƙarar ta sa ta waiwayo. Ya zaro wani tef daga aljihu, ya ja kan tef ɗin, ya miƙa mata.

"Riƙe nan, ki ɗora a tsakar kanki. Waɗancan ba sa riƙe mini, shi ya sa nake shan wahala da su."

Ta kalli tef, ta kalle shi. Babu wanda ya motsa a ɗakin. Hannunta ya fito daga bargo a hankali, ya kama ɗan ƙarfen, ya kai bisa ɗankwali. Bihi ya ja har diddige bai taɓa ta ba.

"Nawa?"

"Kin fi motar ɗanki da yatsa uku."

"Na fi ubansa ma," in ji ta. "Mubarak, tsayuwar me kake yi kamar turke? Ba a ba baƙo shayi a gidan nan? Ni ma a zubo mini."

Kai ne, Bihi, ka tsallake dokin ƙofar da ka yi shekara hamsin kana tsoro, ka kuma san abin da za a ce da kai in ta cika a gabanka. Ba ka yi mata ƙarya ba, ba ka kuma faɗa mata abin da ba naka ba ne ka faɗa. Mai auna masu tafiya, ranar nan ka auna mai zama.

Yatsu ukun nan sun ci rufin bangon motar. Bihi ya ɓamɓare shi ta gefen ƙafa har ƙarfe ya bayyana, ya lulluɓe wurin da soso da tsohon bargo. Mubarak yana tsaye ana yaga masa mota, bai ce uffan ba, wanda a wurin mai kanti sadaka ce babba. Aka kafa ƙafafun gadon, aka huda ƙasan motar aka ɗaure su da noti. Bihi ya jera faifan katako da rata a tsakani don katifa ta sha iska, ya sa tokari ta gaba kada birki ya mirgino ta, ya goge kowace kusurwa. Tsayin kuwa sai da ya kwanta da kansa ya ga dutse ta taga kafin ya yarda. Daga ƙarshe ya bi duk mahaɗa da gam, ta yadda mai son katakon nan sai dai ya sayar da motar.

Ranar tafiya aka ɗauko ta a bargo, kanta a sama, ta ƙofar gefe. A nan ta shigar da ƙorafin da aka ambata a farko: katifar ta yi tauri, katakon yana warin shago. Ta kuma kafa sharaɗi, Bihi zai shiga gaba.

"In gadon ya karye ina son wanda zan zaga a kusa."

Abin da ya biyo baya daga bakin Mubarak na ji. Da suka fara hawan dutse ta daina magana. Kowace kwana Bihi sai ya waiwaya ya ga ko bargon yana motsi. A wata gangara awaki suka faɗo hanya, Mubarak ya take birki, kayan ƙarƙashin gado suka daki kujera. Tokarin ya riƙe. Amma ita ko tari ba ta yi ba, idonta a rufe. Mubarak ya kasa waiwaye.

"Dadda Bihi, duba mini."

Bihi ya miƙa hannu ya tsayar da shi kusa da hancinta, bai iya tantance rawar hannunsa da numfashinta ba.

"Ɗauke hannunka, warin gam yake," in ji ta. "Mun wuce rijiyar bakin ƙauye?"

Ba wanda ya tuna da abu ɗaya. Mutanen ƙauyen sun san Bihi, kuma abu ɗaya ke kawo shi wurinsu. Da suka hango farar mota tana hawowa a hankali da shi a gaba, mata suka fito daga gonakin sha'ir suna kuka, wani ya ruga kiran liman, samari biyu suka nufi inda ake ajiye magirbi. Motar ta tsaya a tsakiyarsu. Mubarak yana ta magana ba mai jinsa. Sai aka ji ana ƙwanƙwasa gilashi daga ciki da zobe. Bihi ya sauko ya ja ƙofar gefe. Ga ta nan daidai fuskokinsu, ta tokare da gwiwar hannu.

"Wa ya mutu ba a gaya mini ba? Ke Tlaitmas, in kukan nan nawa ne, na ji, bai yi daɗi ba. Ki je ki gyara kafin lokacin."

Ta ga girbin sha'ir, ta ga an tatsi man itacen argan na bana, ta yi faɗa da kusan kowa. Sanyi ne ya tafi da ita, a ɗakinta, aka kwantar da ita kusa da mijinta ba tare da hatimin kowa ba. Da Mubarak ya zo neman akwati ya ce ai Ma'allim yana da awon. Bihi ya ce ya manta, a je a yanko kara. Bai manta ba. Wancan awon na mai rai ne, ita ta riƙe shi.

Mun gode, Ma'allim Bihi. Allah Ya sanyaya hannun nan, Ya sa ranar da za a auna ka a samu masu tausayi irinka. Ga matasan layin katako kuma, injinku ya fi zartonsa sauri, ba musu. Ku koyi duba wanda zai kwanta kafin ku duba katako.

Abin da aikin ya ci: faifan katako goma sha ɗaya, ƙafa shida, noti goma sha biyu, gam gwangwani ɗaya, katifa ɗaya mai tauri, dirhami ɗari tara, Mubarak ya biya ba ciniki. Rufin bangon mota, gefe ɗaya, ba a mayar ba. Kara ɗaya, karyayye. Dokar shekara hamsin, ɗaya.